Ƙyauren Tagar Yaya

Daga Allah muke kuma gare Shi za mu koma, sai dai mijin Yayata ya riga mu kama hanya. Ya rasu a ƙarshen bazara, ranar da hadari ya haɗo ta gabas ya watse bai zubar ba. Muka kai shi makwancinsa kafin la'asar, ƙasa na ƙuna har ta cikin takalmi.

Da muka dawo aka shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiyar ƙofar gida, mutane suka yi ta zuwa ƙungiya-ƙungiya. A ƙauyukanmu na hanyar Ɗanbatta gida na kallon gida, gona na jingine da gona, don haka kafin a idar da sallar gawa labari ya gama zagayawa. Liman ya ce bai san ranar da ya waiwaya a masallaci ya rasa shi a sahun gaba ba. Wani maƙwabci ya ce galmar mamacin ta shekara a wurinsa, kunya ta hana shi zuwa karɓa, har sai da shi mai aron ya ji nauyi ya mayar. Daga cikin gida kuma ana jin muryar mata sama-sama, wata ta fashe da kuka, wata ta ce mata ta yi salati.

Can sai wani tsoho, tsaransa ne tun suna kiwon awaki, ya share ido da bakin rawani ya ce, "To jama'a, yanzu wa zai buga taga?"

Tsofaffin wurin suka yi dariya, dariyar ta mutu a bakinsu, kowa ya sunkuyar da kai. Samari kuwa suka kalli juna, ba su san inda zancen ya samo asali ba. Babban ɗan mamacin yana gefena, ya matso ya ce a hankali, "Kawu, dama ina son mu yi maganar tagar nan ta ɗakin Inna. Katakon ya tsufa, da damina ba ya buɗuwa sai da duka. Kafin ta fita takaba zan sa a kawo ta ƙarfe."

Yaron nan ba shi da laifi, alheri yake nufi. Amma maganar tasa ce ta zaunar da ni rubuta wannan, don na ga in muka mutu mu 'yan ragowar, za a cire ƙyauren nan a hura wuta da shi ba wanda ya san abin da aka ƙona.

Gajeren mutum ne, mara yawan magana, mai tafiya kamar yana tsoron ya taka wa ƙasa ciwo. Duk abin da ka roƙe shi amsarsa ɗaya ce: "Bayan kaka, in Allah Ya yarda." Gyaran katanga bayan kaka, sabuwar riga bayan kaka, zuwa gaishe da dangi bayan kaka. Ni kuma ƙanin matarsa ne, wasa ya halatta a tsakaninmu, sai na raɗa masa Malam Bayan-kaka. Shi kuma da yake awon hatsi nake yi a Dawanau, ya ce da ni Ɗan Mudu. Har ya koma ga Allah ban ji ya kira ni da sunan yanka ba.

Tun tana amarya Yaya take roƙonsa taga. Ɗakinta na ƙasa ne, irin na da, ba mashigar iska sai ƙofa, ga ta da tarin da ke tashi in hayaƙi ya yi yawa. Kowace shekara ta yi magana, kowace shekara ya ce bayan kaka. Ta haifi yara a ɗakin nan, taga ba ta zo ba.

Sai shekarun fari suka shigo. Wanda bai gani ba, ba zai gane ba ko an yi masa bayani. Gyaɗa ta fara mutuwa, gero ya bi bayanta, ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Guga ya riƙa dawowa daga rijiya da laka. Awaki aka sayar, tumaki aka sayar, kekensa ma ya tafi. Ranar da na je na tarar da Yaya tana dafa wa yara ganyen tafasa da dusa, ƙaraminsu ko kuka ba ya iyawa, ban nemi shawarar kowa ba. Na ce ta haɗa kayanta, ita da yara za su zauna wurina har Allah Ya kawo sauƙi. Ni ma ba wadata gare ni ba, kasuwar ba ta kai yadda take yau ba, amma mai awo ba ya rasa abin da ya zube a tabarma.

Na shirya faɗa da mijin nata, bai ba ni dama ba. Ya ce, "Ka ɗauke min nauyi, Allah Ya ɗauke maka naka." Ya ɗauki ƙunshin kayanta a ka ya raka mu har bakin titi. Da mota ta tsaya bai kalle ta ba, ita ma ba ta kalle shi ba. Shi ya koma, wai ba a barin gona da gida ba kowa.

Ba a yi wata ba sai ga sallamarsa a zaurena. Masu jakunan itace ya biyo, waɗanda ke kai itace birni su komo da taki, ƙafafunsa fari fat. To ga matsala. Tsohuwarmu a wurina take zaune, kuma a tarbiyyarsu namiji ba ya kutsa kai gidan da surukarsa take, balle ya zo hannu rabbana ya ce ya zo ganin matarsa. Sai da dalili. Na tambaye shi ko lafiya.

Ya cire hula, ya zazzage 'yan guntayen katako a tabarma. Ya ce, "Na fasa bangon ɗakin yayarka, ta wajen gona. Saura ƙyaure. Na ce ba zan zaɓa mata ba, tunda ita za ta riƙa buɗewa."

Na ce, "Malam Bayan-kaka, shekarun da ake cika rumbu ba ka fasa bango ba, sai yanzu da ɓera ma ya yi ƙaura?"

Ya ce, "Yanzu ne nake da lokaci, Ɗan Mudu."

Aka kira Yaya, ta fito zaure ta durƙusa daga gefe, suka gaisa kamar baƙi. Ta ɗauki guntun farko, farin katako ne irin wanda ake kawowa daga kudu. Ta juya shi, ta danna masa farce, ta ce, "Wannan ai gara za ta cinye shi kafin in koma." Ta ɗauki na giginya ta ce sartse zai shiga hannun yara. Ya ce, "Haka ne. Bari in sake dubawa." Ta shiga ta fito da tuwo, wanda na san rabonta ne. Ya yi loma kaɗan ya ture kwanon, wai ya ci a hanya. A hanyar nan babu abin ci sai ƙaya.

Haka aka shiga. Ya zo da kirya, ta auna a tafin hannu ta ce nauyinta zai ja bango ya tsage. Ya zo da langa-langa, ta ce in rana ta buga ɗaki zai zama tanda, in iska ta kaɗa ya hana yara barci. Ya zo da marke, ban ma tuna aibin da ta samo masa ba. Da itatuwa suka fara ƙarewa aka koma wasu tambayoyin. Ƙyaure ɗaya take so ko biyu? Ciki zai riƙa buɗewa ko waje? Sakata a sama ko a tsakiya? Kowace tambaya da tafiyarta daban, kuma kowace amsa sai Yaya ta ce a ba ta lokaci ta yi tunani. Mutumin da ba ya haɗa jimla uku a yini, sai ga shi yana bayanin yadda ruwa ke bin jijiyar katako, ita kuma tana sauraro kamar ana karanta mata tafsiri, yara na hawa bayansa.

Na yi wa mai ɗakina ƙorafi na ce mutanen nan yunwa ta taɓa musu kai. Ta dube ni ta ce, "Duk gidan nan kai kaɗai ne ba ka gane ba. Ranar da ta ce ga wanda take so, da wane dalili zai sake zuwa?"

Na gane, amma ganewar ba ta sanyaya min rai ba, ƙara tunzura ni ta yi. Kowane zuwa sai na ga wuyansa ya ƙara tsawo, rigar ta ƙara yi masa yawa. Ita kuma ta daina cin abincin kirki, tana tara masa. Ina kallon mutum biyu suna ƙarewa a gabana saboda ramin bango. Ran nan da ya zazzage hularsa na taka guntayen da ƙafa. Na ce, "Malam, yau ba wasa nake ba. Ƙasar can ta mutu. Ka sayar da gonar ka dawo nan, ko dako ne in samo maka. In kuwa ba za ka iya rabuwa da ita ba, to ka sauwaƙe wa Yaya, ta san matsayinta. Ba a riƙe mace da guntun itace."

Ya sunkuya yana tsince katakon ɗaya bayan ɗaya, har wanda ke ƙarƙashin ƙafata ya jira na ɗaga. Ashe Yaya na bayan ƙofa. Ta fito, ba durƙuso, ba gaisuwa, ta ce masa, "Madaci nake so. Nawa, na gonar Baba. Ƙyaure biyu, su buɗe ta ciki, sakata a tsakiya."

A wajenmu itace daban, ƙasa daban. Ana iya raba gado gona ta faɗa hannun wani, bishiyar da ke tsakiyarta ta faɗa hannun wata. Gonar mahaifinmu ta daɗe da barin hannunmu, amma madacin da ke cikinta rabon Yaya ne, kuma farin ya kashe shi a tsaye. Ta ce, "Ɗaci gare shi, gara ba ta kusantarsa." Sannan ta juyo kaina. "Kai kuma in ka gaji da ciyar da ni, ni za ka faɗa wa, ba shi ba."

Ya sa hularsa ya yi sallama. Daga ranar ya ɗauke ƙafa, tunda an zaɓa, dalili ya ƙare. Gidana ya yi tsit. Yaya ba ta yi fushi da ni a baki ba, amma duk sallamar da aka yi a zaure sai na ga hannunta ya tsaya a kan abin da take yi.

Da shirun ya yi yawa ta ɗaura ɗan gero a tsumma ta ce in kai masa. Na same shi a bayan ɗakin tare da kafintan ƙauyen, suna ɗaura ƙyauren. Katakon ja ne mai duhu, an goge shi har yana ɗaukar ido, ban taɓa ganin abu mai kyau haka a jikin bangon ƙasa ba. Amma da aka rufe sai na ga tsaga a tsakanin ƙyauren biyu, yatsa zai shige. Na ce, "Duk wahalar nan, ashe ma bai haɗu ba? Wannan ai ƙadangare zai shiga da sallama."

Kafinta ya ce, "Ni na so in haɗe shi tsaf, shi ya hana."

Mijin Yaya ya shafa katakon ya ce, "A bushe yake ƙwarai, shekarun nan ko raɓa bai sha ba. In iskar damina ta taso zai kumbura. Dole a bar masa wuri."

Na ce, "Wace daminar?"

Ya ce, "Wadda za ta zo."

Na dubi gonar da ke bayansa, ba ko tsinke, rairayi har cikin kunyar noma. Na dube shi, ƙashin wuyansa a waje. Ya karɓi geron ya yi godiya, ya ce, "Ka gaya wa yayarka, ran da tsagar nan ta rufe zan zo."

Na kai saƙon ina dariya, na zaci ita ma za ta yi. Ba ta yi ba. Tun daga ranar kullum da safe sai ta fito tsakar gida ta tsaya, ta ɗaga fuska tana jin ta inda iska ke busowa.

Bazara ta yi nisa, zafi ya kai inda ya kai, sama fes ba ko gizagizai. Wata ranar kasuwa ina tsakiyar awo aka ce ana nemana a gida. Na tarar da shi a zaure, hula a kansa, hannu ba komai. Yaya na tsaye a bakin ƙofa. Ya ce, "Ya fara kamawa. Jiya sai da na sa hannu na tura."

Ta juya ta shiga haɗa kaya. Na bi ta ina faɗa, na ce ko ɗigo bai sauka ba, bara ma an ga alamu aka shuka iri ya ƙone, za ki mayar da yara cikin yunwa saboda katako ya kumbura? Tsohuwarmu, wadda duk watannin nan ba ta sa baki ba, ta ce daga ɗakinta, "Ƙyale ta. Da can ma jikinta ne kawai a nan." Yaya ta bar mini ƙananan har a ga abin da hali zai yi, ta ɗauki babban, wannan mai maganar tagar ƙarfe. Na cusa mata irin gero a cikin kayan ban gaya wa mijin ba, don na san zai ce bayan kaka.

Ruwa ya sauka bayan 'yan kwanaki. Kada wani ya zaci daminar ta yi albarka, ba ta yi ba. Ta yi ta ɗaukewa tana dawowa, gero ya yi rabin kai, sun ci tafasa har kaka. Har gobe in aka tambaye ni zan ce lissafina daidai ne, wanda ya ga yaran nan ranar da na ɗauke su ba zai ce na yi garaje ba. Sai dai su ba da mudu suke awo ba. Daga wannan komawar ba su sake kwana a gari daban-daban ba, sai yanzu.

Madacin kuwa ya kumbura fiye da wurin da aka bar masa. Da rani tsagar ta buɗe, Yaya ta cusa tsumma. Da damina ƙyauren biyu su cije juna, ko ta zare sakata ta ja ba sa motsi. Kafinta ya ce a kawo ya ɗan kankare baki, aikin ɗan lokaci ne. Mijin Yaya ya ce bayan kaka. Kaka ta zo ta wuce sau nawa, ba a kankare ba. Abin da ake yi shi ne, in ya fito masallaci da asuba sai ya zagaya ta bayan gida ya duba shuka, gari na wayewa ya iso tagar. Ita ta riga ta zare sakata tana jira. Ya sa tafin hannu ya buga sau ɗaya, ƙyauren ya buɗe ciki, ya ce, "An tashi lafiya?" Ta ce, "Lafiya lau, ya gonar?" Shi ke nan, ya zagayo ya shigo ta ƙofa kamar kowa. Maƙwabta suna jin bugun daga gidajensu, har matan unguwa kan ce wa yara su tashi, an buga taga. Na sha tsokanarsa na ce mutum da gidansa yana gaishe da matarsa ta baya kamar ɓarawo. Ya ce, "Ɗan Mudu, kai dai auna hatsinka."

Ina kewarsa. Ban san haka zan yi kewarsa ba, mutumin da rabin zamanmu tsokana ce, rabi shiru. Yanzu in na zo gidan sai in rasa wanda zan yi wa rashin kunya.

Daren sadakar bakwai aka yi ruwan farko, mai yawa. Da gari ya waye na shiga gaishe da Yaya. Ɗakin da duhu, tana zaune a kan tabarma da carbi, ta tsufa a mako guda fiye da yadda ta tsufa a shekara goma. Na lura sakatar a zare take, ƙyauren a cije. Ban san tun yaushe ta zare ba.

Na ce, "Yaya, in ja miki shi?"

Ta ce, "Ba ya jawuwa ta nan. Ka zagaya."

Na fita na bi ta bayan gida, ƙasa na kama takalmi, ƙamshin ruwa ko'ina. Rabona da tsayawa a wurin tun ranar da aka ɗaura ƙyauren. Katakon ya yi fari-fari saboda rana da ruwa, sai wuri ɗaya a ƙasa-ƙasa, daidai tsayin gajeren mutum, ya yi baƙi ya yi santsi, har ya ɗan lotsa. Babban ɗan nasu ya biyo ni, na nuna masa wurin da yatsa. Ya daɗe yana kallo, sannan ya juya ya koma, bai sake yi min maganar ƙarfe ba.

Na rage tsawo, na ɗora tafina a kan nasa, na buga sau ɗaya. Ƙyauren ya buɗe, haske ya faɗa ɗakin. Na buɗe baki zan yi magana, sai na ga Yaya ta juya wa tagar baya, fuskarta na kallon bango.

Ta ce, "Kada ka yi magana tukuna."

Na tsaya a nan cikin jiƙaƙƙiyar ƙasa, bakina a rufe, ina roƙa masa a zuci. Allah Ya jiƙansa, Ya yalwata masa makwanci, Ya buɗe masa taga zuwa Aljanna, Ya ba Yaya haƙurin da ni ba ni da shi. Ban motsa ba sai da na ji ta ce, a hankali, ba da ni ba, "Lafiya lau. Ya gonar?"